Wakilin Na'ura a Kasuwar Kirifto: Yadda Ake Auna Takardar da Yake Aiki da Ita

1. Wakilai iri biyu

Tun zamanin da, ciniki a ƙasar Hausa bai rabu da wakilci ba. Falke mai abin hannu ba ya taka kowace kasuwa da ƙafarsa. Yakan tura yaronsa Kazaure ya auno masa gero, ya tura wani Babura ya sayo awaki, shi kuwa yana gida yana jiran lissafi. Abin da yakan faɗa wa yaron kaɗan ne, wani lokaci bai wuce kalma goma ba, amma yaron ya je ya komo da abin da ake so, domin sauran bayanin da ba a faɗa ba yana cikin al'adar kasuwa, wadda shi da ubangidansa suka tashi a cikinta.

A 'yan shekarun nan an sami wani irin wakili dabam, watau manhajar kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, wadda mutum zai ba umarni da harshensa na yau da kullum, ita kuma ta zaɓi kayan aikin da ya dace, ta cika lambobi, ta zartar da ciniki da kuɗin mai ita. A cikin wannan maƙala za a kira ta wakilin na'ura. Wannan wakili bai tashi a kowace kasuwa ba. Abin da ya sani tabbas game da kayan aikin da aka miƙa masa, daga takardar bayanin da maƙerin kayan ya rubuta yake samunsa. Inda takardar ta yi shiru sai ya cike gurbin da zato, zatonsa kuwa yakan fito da kamannin sani, har mai dukiya ya kasa rarrabewa. Saboda haka auna irin wannan takarda ya zama aiki mai zaman kansa, kuma ma'auninsa shi ne a duba ko an rubuta duk abin da wakili ɗan Adam zai sani ba tare da an gaya masa ba.

Maganar ta shafi Nijeriya ƙwarai. Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto a watan Fabrairu na 2021, ya janye hanin a Disamba na 2023, sa'an nan dokar zuba jari ta 2025 ta sa irin waɗannan kadarori a ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. Kamfanin Chainalysis ya sa Nijeriya ta biyu a duniya wajen karɓar kirifto a 2023 da 2024. A watan Afrilu na 2025 kuma dandalin CBEX ya rushe da dukiyar jama'a mai yawa, bayan ya daɗe yana cewa ƙirƙirarriyar basira ce take yi masa ciniki, tana ninka kuɗi cikin kwana 30. Masu zuba kuɗi sun ga lambobi suna hawa a fuskar waya, amma ba su da hanyar tabbatar da cewa akwai wani ciniki a bayan lambobin. A yankin da ake magana a kai akwai makarantu masu koyar da ilmin kwamfuta, watau Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da makarantar fasahar sadarwa ta jihar Jigawa, dukansu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Babura wadda aka kafa a 2021. Ɗaliban da ke fitowa daga cikinsu su ne 'yan uwa da maƙwabta za su riƙa tambaya ko wani kayan aiki abin amincewa ne.

2. Wadatar kasuwa da taskar canji

Kowane mai zuwa kasuwa ya san bambancin kasuwar da ta wadata da wadda ba ta wadata ba. Wanda ya shiga ƙaramar kasuwar ƙauye a ƙasar Gwiwa ko Roni yana neman buhu 50 na gero, kafin ya kai buhu na 20 labari ya zaga, masu hatsi sun ɗaga farashi. In ya nemi buhu 50 ɗin nan a Dawanau ta Kano, ba wanda zai ko waiwaye shi. Wannan hali, na a iya saye ko sayar da abu mai yawa ba tare da farashi ya motsa sosai ba, shi ake nufi a nan da wadatar kasuwa.

A kasuwannin kirifto waɗanda ba su da dillali na mutum, ana samar da wadatar ta hanyar taskar canji. Taska ce mai ɗaki biyu, kowane ɗaki da irin kuɗinsa, an rubuta ƙa'idarta cikin wata manhaja mai zartar da kanta a bisa kundin bulokcen, wanda in an rubuta abu a cikinsa ba ya kankaruwa. Wadda ta fi shahara ita ce Uniswap, wadda Hayden Adams ya buɗe a kan Ethereum a watan Nuwamba na 2018. Ƙa'idarta ta asali guda ɗaya ce: in aka lissafa adadin ɗaki na farko sau adadin ɗaki na biyu, abin da ya fito ba zai ragu ba bayan kowane ciniki.

Ga misali. A ce taska tana da ETH 100 a ɗaki ɗaya, da USDC 300,000 a ɗayan, USDC kuwa kuɗi ne da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Farashin ETH ɗaya ke nan 3,000, lissafin ɗakunan biyu kuma 30,000,000. Wanda ya ɗauki ETH 1, tilas ya zuba USDC wajen 3,030 domin lissafin ya tsaya yadda yake. Wanda ya ɗauki 10 zai zuba 33,333, watau kowane ɗaya ya kama masa 3,333. Wanda ya ɗauki 50 kuwa zai zuba 300,000, kowane ɗaya a 6,000, ninkin farashin da ya tarar. Abin da ya sami mai neman gero a ƙaramar kasuwa shi ne ya sami wannan, sai dai a nan lissafi ne ya ɗaga farashin.

Kuɗin da ke cikin taska na mutane ne waɗanda suka zuba domin su ci la'ada. A tsari na biyu na Uniswap, sa'ad da ya fito a 2020, la'adar kwabo 30 ce cikin kowace naira 100, ana raba ta ga masu zubi gwargwadon rabonsu. A tsari na uku, na watan Mayu 2021, an ba mai zubi damar ya zaɓi tsakanin farashi kaza da farashi kaza inda kuɗinsa zai yi aiki, aka kuma yi la'ada hawa-hawa. Tsari na huɗu ya fito a watan Janairu na 2025, ya ba maƙera damar liƙa wa kowace taska ƙa'idodinta na musamman. Kayan aikin da wannan maƙala take magana a kansa shi ne manhajar da ke tsakanin wakilin na'ura da irin wannan taska, wadda da ita yake tambayar farashi, ya yi canji, ya zuba kuɗi, ya karɓi la'ada, ya kwashe abin da ya zuba.

3. Abin da wakilin na'ura yake gani

Mutum in zai yi aiki da irin wannan kaya yana da allo a gabansa, da maɓallai, da jan rubutu mai gargaɗi. Wakilin na'ura rubutu kaɗai yake gani. A ƙa'idar MCP, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024 domin haɗa na'urori masu basira da kayan aiki, kowane aiki yana zuwa da abu uku: sunansa, da taƙaitaccen bayanin abin da yake yi, da jerin guraben da za a cika tare da irin abin da ke shiga kowane gurbi. Waɗansu maƙera sukan ƙara da wani shafi da ake kira llms.txt, wanda Jeremy Howard ya kawo shawararsa a watan Satumba na 2024, inda ake jera muhimman bayanai a rubutu tsantsa domin na'ura ta karanta. Waɗannan su ne ake tarawa a kira takardar bayani.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tattauna abin da ya kamata wakili ya yi in ba a yi masa cikakken bayani ba. A babin wakilci na Muhtasar na Shaihu Halilu, littafin ƙarni na 14 wanda har yanzu ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, hukuncin shi ne wanda aka wakilta ya sayar da abu ba a ambata masa farashi ba, to, ya sayar da kuɗin da ke gudana a garin, kuma a kan farashin da irin abin yake yi. In ya saɓa, mai dukiya yana da zaɓi, ko ya yarda da cinikin ko ya ƙi. Za a ga hukuncin ya dogara bisa ginshiƙi biyu, watau al'adar gari wadda take cike gurbin magana, da damar warware ciniki in wakili ya ƙetare iyaka. A taskar canji duka biyun babu. Babu kuɗin gari, gama kuɗaɗen dubbai ne, kuma cinikin da ya shiga kundi ba alƙalin da zai iya komar da shi. Nauyin da al'ada da alƙali suke ɗauka a kasuwar Kazaure, a nan duk ya koma kan takardar bayani. Hukuncin kirifto kansa kuwa malamai sun yi saɓani a kai, kuma ba shi ne batun wannan maƙala ba.

4. Ma'aunai shida

Na farko, ƙidaya. A kasuwannin da ke kusa da iyakar Nijar, irin ta Babura, kalmar jaka tana da nauyi biyu. A bakin dattijon Nijeriya jaka naira 200 ce, domin asalinta fam 100 ne, kuma fam ɗaya ya zama naira 2 sa'ad da aka sauya kuɗi a 1973. A bakin mutumin Damagaram jikka sefa 1,000 ce. Haka nan dala, wadda a Nijar sefa 5 ce, a wurin 'yan canjin Wapa kuwa kuɗin Amurka. Dillali ba ya ruɗewa, domin yana jin harshen mai magana, yana ganin takardar kuɗin da ke hannunsa. A taskar canji akwai irin wannan tarko. Kundin ba ya rubuta ɓarin lamba, don haka USDC ɗaya ana rubuta shi 1 da sifili 6, ETH ɗaya kuwa 1 da sifili 18. Kuɗin USDT yana da sifili 6 a kan Ethereum da Tron, amma wanda ke kan kundin BNB sifili 18 gare shi. Wakilin da ya ɗauki wannan a madadin wancan ya yi kuskure na sifili 12. Har wa yau, Uniswap tana jera ɗakunan taska bisa tsarin adireshinsu, saboda haka a taskar USDC da ETH ta tsari na biyu ko na uku a kan Ethereum, USDC ne na farko, farashin da taska take bayarwa kuwa a juye yake da yadda mutane suka saba faɗarsa. Takarda mai kyau takan faɗi ma'aunin kowane gurbi a jikin gurbin, ta kawo misali da lambobi na gaske, ta nuna wanne ake aunawa da wanne.

Na biyu, tantance abin ciniki. Kowa yana iya ƙirƙiro kuɗi a kan Ethereum ya raɗa masa suna USDC, kamar yadda Musa ba ɗaya ba ne a kasuwa. Abin da ke rarrabe na gaske da jabu shi ne adireshinsa a kundi. Sai a duba ko takardar ta tilasta a ba da adireshi tare da sunan kundin, ko kuwa ta yarda da suna kaɗai. A duba kuma ko ta faɗi tsarin taskar da take magana a kai, na biyu ne ko na uku ko na huɗu, da ranar da aka gyara ta. Wannan ya zama dole domin wakilin na'ura ya karanta tsofaffin bayanai da yawa tun sa'ad da ake horar da shi, in ba a tsayar masa da zamani ba yana iya cakuɗa ƙa'idar jiya da ta yau.

Na uku, iyakar farashi da wa'adi. Ubangida yakan ce wa yaronsa, in ya wuce kaza ka bari, kuma ka dawo kafin la'asar. A canji akwai gurbi biyu masu wannan aiki: mafi ƙarancin abin da mai canji zai yarda ya karɓa, da lokacin da umarnin zai mutu in bai shiga kundi ba. Amfaninsu babba ne, domin umarnin da aka aika yakan tsaya a fili kowa yana gani kafin a rubuta shi, kuma akwai na'urori waɗanda sana'arsu ke nan su riga mutum saye, farashi ya tashi, shi ya saya da tsada, su kuma su sayar a bayansa su ci bambancin. Wanda ya sa sifili a gurbin mafi ƙaranci ya ba su izini su ci iyakar ƙarfinsu. Misalan koyarwa na Uniswap kansu sun sa sifili a wannan gurbi domin sauƙaƙe darasi, da gargaɗi a gefe cewa yin haka da kuɗin gaske haɗari ne. Mutum yakan karanta gargaɗin ya kiyaye, amma na'ura mai kwaikwayon misali tana iya ɗaukar lambar ta bar gargaɗin. Saboda haka a takardar da aka rubuta domin na'ura, lalle kowane misali ya zama wanda za a iya kwafa yadda yake ba a cutu ba, kuma a faɗi abin da kayan aikin zai sa in an bar gurbin babu kome.

Na huɗu, iyakar izini. Tambayar farashi dabam, sallamawa dabam. Sai a duba ko takardar ta raba ayyukan dubawa kawai da ayyukan da ke fitar da kuɗi, ta yadda ba za a ɗauki ɗaya a madadin ɗaya ba ko da daga sunansu. Ƙa'idar MCP ta tanadi alamomi domin wannan tun gyaran da aka yi mata a watan Maris na 2025, akwai mai nuna aiki na dubawa ne kaɗai, akwai mai nuna yana iya ɓata abu. Wani abu kuma, kafin taska ta ɗauki kuɗi daga asusun mutum sai ya rubuta mata izini na adadi kaza. Kayan aiki da yawa sukan nemi izini marar iyaka domin kada a riƙa maimaitawa, wanda ya yi daidai da a ba ɗan aike mabuɗin rumbu maimakon a auna masa tiya biyar. Takarda mai kyau takan faɗi adadin izinin da ake nema, da yadda ake janye shi, da wurin da ya wajaba wakili ya tsaya ya nemi yardar mai dukiya, da kuma wanda ke riƙe da mabuɗin asusu.

Na biyar, ma'anar amsa in ciniki bai faɗa ba. Baƙon da bai san kasuwar Hausa ba, in ya yi tayi aka ce masa albarka, sai ya zaci addu'a aka yi masa, alhali an gaya masa ne tayinsa bai kai ba. Taskar canji ma tana da irin waɗannan gajerun amsoshi. A tsari na uku na Uniswap akwai amsa mai harafi uku, STF, wadda ke nufin an kasa ɗaukar kuɗi daga asusu, ko don bai isa ba ko don ba a ba da izini ba. Wakilin da ba a fassara masa ba zai yi ta sake aikawa, kuma kowane umarni da ya shiga kundi ya faɗi, an ci kuɗin aikinsa ke nan, ba a mayarwa. Akwai wanda ya fi wannan muni. In sabis ya yanke bayan an aika umarni, abin da ba baƙo ba ne a ƙauyukan da ke nesa da babbar hanya, wakili ba zai san ko cinikin ya shiga ko bai shiga ba. In ya sake aikawa bisa zato, yana iya saye sau biyu. Tilas takardar ta jera amsoshin duka, kowace da dalilinta da abin da za a yi, ta kuma koyar da yadda ake bincika sakamakon umarni na farko kafin a aika na biyu.

Na shida, hasarar da ba ta bayyana nan take. Wanda ya zuba ETH 1 da USDC 3,000 a taska irin ta misalin da ya gabata ya zuba dukiyar 6,000. In farashin ETH ya ninka a kasuwannin duniya, masu neman riba za su yi ta ɗibar ETH daga taskar har farashinta ya daidaita da na waje. Sa'an nan rabonsa zai koma ETH 0.707 da USDC 4,243, jimla 8,485, alhali da ya ajiye kayansa a asusu da sun kai 9,000. Ya yi hasarar kashi 5.7 cikin 100, in ba la'adar da ya ci ta rufe ta ba. In farashi ya ninka sau huɗu, hasarar kashi 20 ce. A tsari na uku kuwa, in farashi ya fita daga tsakanin da mai zubi ya zaɓa, dukiyarsa duka takan koma kuɗi iri ɗaya, la'ada ta tsaya. Takardar da ta ambaci ribar shekara ba ta ambaci wannan ba, ta sa wakili zai kai wa ubangidansa rabin labari, yana kuwa tsammanin ya cika amana.

5. Jarrabawa

Karanta takarda da ido shi ne rabin aiki na farko. Mai aunawa yana iya ba kowane ma'auni daraja: 0 in ba a ambata ba, 1 in an ambata amma a wani wuri mai nisa da gurbin da ake bukata, 2 in an faɗa a wurinsa tare da misali. Bai kamata a tara darajojin a raba ba, domin takardar da ta ci 2 a ma'aunai biyar ta ci 0 a ƙidaya tana iya halaka dukiya a umarni guda. Mafi ƙanƙantar daraja ita ce darajar takardar.

Rabi na biyu shi ne gwaji. A ɗauki wakilin na'ura, a ba shi takardar kaɗai, a haɗa shi da kundin gwaji irin Sepolia, inda kuɗin ba su da daraja, ko da kwafin kundin gaske wanda aka sauke a kwamfuta. Sa'an nan a ba shi ayyuka iri uku. Akwai na sarari, kamar canja adadi kaza zuwa kaza. Akwai masu gurbi, kamar a ce ya saya ba a faɗi iyakar farashi ba, inda amsar kirki ita ce ya komo ya tambaya. Akwai kuma waɗanda ya kamata ya ƙi, kamar sayen rabin abin da ke cikin ƙaramar taska, ko ciniki da kuɗi mai sunan gaske da adireshin jabu. Kowane aiki a maimaita shi sau da yawa, kuma da wakilai na kamfanoni dabam-dabam, gama na'urorin nan ba su ba da amsa iri ɗaya kullum, kuma ana so a rarrabe laifin takarda da laifin wakili. Abin da dukansu suka yi tuntuɓe a kai, a takarda yake.

Wajen ƙirga sakamako, a ware gida huɗu: ya yi daidai, ya tsaya ya tambaya, ya faɗi ya kuma faɗa cewa ya faɗi, ya yi ɓarna ya ce an gama lafiya. Gida na huɗu shi ne abin tsoro, kuma ɗaya daga cikinsa ya fi goma na gida na uku nauyi. In ana so a san sakin layin da ke ɗauke da takardar, sai a cire shi a sake gwajin, a ga abin da ya canja.

Akwai sauran bincike ɗaya, watau gwada takarda da aikin kayan kansa. A watan Afrilu na 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wanda mai dukiya ba ya gani a allonsa amma wakili yana karantawa ya bi. Ita ma ƙa'idar MCP ta yi gargaɗi cewa alamomin da aka ambata a baya faɗar maƙeri ce kawai, ba a dogara da su sai an amince da shi. Don haka mai aunawa zai karanta rubutun duka kamar yadda na'ura take karɓarsa, ya kuma bi sawun kowane ciniki a kundi ya ga ko abin da aka ce za a yi shi aka yi. Dandalin da bai ba da adireshin taskarsa ba, bai kuma bar wata hanyar bin sawu ba, ya faɗi tun kafin a kai ga ma'auni na farko.

6. Rabon masana Hausa da malaman kwalejoji

Takardun bayanin nan kusan duka da Turanci ake rubuta su, amma umarnin da Bahaushe zai ba wakilinsa da Hausa zai fito, da Hausa kuma yake so a ba shi labari. Ashe akwai fassara sau biyu a kowane ciniki, kuma jarrabawar da aka yi da Turanci kaɗai ba ta auna ta ba. Ya kamata a sake gwajin da umarnin Hausa irin wanda mutane suke yi da gaske. Tsakanin saya da sayar harafi ɗaya ne, kuma mai rubutu a waya yakan yar da shi. Jaka da dala an riga an ga halinsu. Mutum yakan ce biyar yana nufin dubu biyar, ko miliyan biyar, gwargwadon abin da ake ciniki. Wakili na gari shi ne wanda zai maimaita umarnin da lambobi cikakku, ya jira a ce masa i, takarda ta gari kuwa ita ce wadda ta umarce shi da yin haka.

Sai batun kalmomi. Kalmar Turanci mai nufin wadatar kasuwa daga ruwa aka samo ta, haka ma sunan taskar, wanda ma'anarsa tafki. Mai fassara kalma da kalma zai ce ruwan kuɗi ko tafkin ruwa, Bahaushe kuwa da ya ji ruwa kusa da kuɗi sai hankalinsa ya tafi ga kuɗin ruwa, wanda abu ne dabam mai hukunci dabam. Shi ya sa aka zaɓi wadata da taska a wannan maƙala. Haka nan hasarar da aka bayyana a ma'auni na shida, Turawa suna kiranta da suna mai nufin marar ɗorewa, domin tana gushewa in farashi ya koma inda ya faro. In aka fassara sunan yadda yake, mai sauraro zai ɗauka hasara ce ta ɗan lokaci, alhali ranar da ya kwashe kuɗinsa ta tabbata. Hasarar zubi, ko hasarar sauyin farashi, sun fi kusa da gaskiyar abin.

A kwalejojin horon malamai ana iya mai da wannan darasin insha'i. A sa ɗalibi ya rubuta umarnin sayen akuya a kasuwar Babura domin baƙon da bai taɓa zuwa ƙasar Hausa ba, wanda ba zai sami damar tambaya ba, sa'an nan a ba wani ɗalibi ya bi umarnin harafi da harafi, ba ya ƙara kome daga saninsa. Wuraren da na biyun ya tsaya cik, ko ya sayo abin da ba shi ake so ba, su ne za a jera a allo: irin kuɗin, da iyakar tayi, da wanda zai biya la'ada, da ma'anar albarka, da abin da zai yi in bai sami dillalin da aka ambata ba. Ɗalibin da ya iya cike waɗannan gurabe da Hausa tsantsa ya koyi aikin da ake bukata wajen duba takardar da na'ura za ta yi ciniki da ita.